Wake: Daga Rumbu Zuwa Ɗakin Bincike

Wake ɗan gida ne a Afirka ta Yamma. Masu tonon kayan tarihi sun gano ƙwayoyinsa a yankin Kintampo na ƙasar Ghana, sun kuma ƙiyasta shekarunsu sun haura 3,500. Da shi kakanninmu suka samo ƙosai da alale da ɗanwake, harawarsa kuma ta raya dabbobi a rani. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne, shi ya sa yake cike gurbin nama a gidan talaka. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye da ita.

Binciken zamani a kansa ya bi sawun asarar manomi. An kafa tashar binciken gona ta Samaru a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta buɗe reshe a Kano. Masanan waɗannan wurare sun fitar da iri mai nuna da wuri, da mai jure wuta-wuta. A 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da ƙwanso, kodayake har gobe ana muhawara a kansa.

Sai batun ajiya. A da, toka da yashi ake cuɗa wa wake don ƙwaro. Da 'yan kasuwa suka koma zuba magani, abin ya kai Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 saboda ragowar guba. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwaron ta hanyar toshe masa iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Inda aka bar mu a baya shi ne tsakanin rumbu da tukunya. Har yanzu mai ƙosai sai ta surfa, ta jiƙa, ta wanke, ta kai markaɗe, kullum ta Allah. Kamfanonin Kanada da Turai kuwa suna tace sinadarin gina jiki daga danginsa suna sayarwa da tsada, mu muna sayar da namu ɗanye a buhu.

Saboda haka muna ganin abu uku ya kamata bincike ya sa gaba: garin wake mai jure ajiya wanda ƙullinsa zai tashi kamar na sabon markaɗe, iri mai saurin dahuwa don a rage cin itace da gas, da ƙananan injinan surfe da niƙa da maƙeranmu za su iya ƙerawa su gyara. Awara ta riga ta nuna mana hanya: waken suya baƙo ne, amma da mata suka iya sarrafa shi, sai ya zama sana'a a kowane lungu.