Tayi da Shawara a Ingilishi: Nazarin Ma'ana da Amfanin Wasu Kalmomi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kalmomin da Ingilishi ke yin tayi da ba da shawara da su, bisa ra'in aikin magana. Ta nuna cewa siffar jimla kaɗai ba ta bayyana nufin mai magana.

Gabatarwa

A laccocinsa da aka buga a 1962, J. L. Austin ya nuna cewa furuci kansa aiki ne. John Searle kuma, a 1976, ya kasa ayyukan magana gida biyar. Bisa wannan rabo, tayi yana cikin furucin da mai magana ke ɗora wa kansa nauyi, shawara kuwa tana cikin wanda ake son mai sauraro ya aikata wani abu. Abin tambaya ke nan a kowace jimla: wa zai yi aikin?

Tayi

"Shall I carry it?" a zahiri tambaya ce, amma mai faɗinta ya riga ya shirya ɗaukar kayan. An fi jin wannan siga a Birtaniya fiye da Amurka. Wadda ta fi ba ɗalibi Bahaushe wahala ita ce "Would you like some tea?", domin "kana son shayi?" kan ɗauki ma'ana biyu. Idan ya ce wa baƙo "Do you like tea?", to ra'ayinsa game da shayi ya tambaya, bai yi masa bismilla ba. A lura kuma, "some" ake sawa a tayi maimakon "any" da aka saba gani a tambaya, saboda mai tayin yana sa ran a amsa da i.

Shawara

"Let's" da "shall we" sun haɗa da mai maganar. "Why don't you" ba dalili take nema ba, tamkar "me zai hana ka" take. "How about" kan ja aikatau mai ɗafin "-ing". Aikatau "offer" yana karɓar "to", amma "suggest" ba ya karɓa, don haka "I suggested him to go" kuskure ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne "had better". Ganin "better" a ciki kan sa a zaci lafazi ne mai taushi, alhali gargaɗi ne: in ba ka yi ba, akwai abin da zai biyo baya. Brown da Levinson, a 1987, sun lissafa shawara cikin furucin da ke taɓa 'yancin mai sauraro, shi ya sa ake sassauta ta da "could" ko "might". Ƙaramin ma'aikaci da ya ce wa shugabansa "You had better sign it" bai karya dokar nahawu ko ɗaya ba, amma ya yi rashin ladabi.

Saboda haka, bai kamata malamai su jera waɗannan kalmomi a allo kamar ma'anarsu ɗaya ba. A koyar da kowace tare da bayanin wa ke faɗa wa wa, kuma a wane hali.