Tarihin auna halin ruwa domin jiragen ƙarƙashin teku marasa matuƙi

Jirgin ƙarƙashin teku mara matuƙi, wato na'urar da ake saki cikin ruwa ta yi tafiyarta ba tare da mutum a ciki ba, yana dogara ne da siffar lissafi da aka ɗora wa kwamfutarsa, wadda ke faɗa masa yadda jikinsa zai motsa idan farfela ta juya ko aka karkata fiffike. Rubuta wannan lissafi bai taɓa zama babbar wahala ba, domin ƙa'idojin motsi sanannu ne tun zamanin Newton. Abin da ya ci wa masana tuwo a ƙwarya fiye da shekaru 200 shi ne gano adadin da za a sa a kowane gurbi, tunda ruwa ba ya bayyana halinsa sai an gwada shi.

Tushen matsalar ya girmi jiragen kansu. A ƙarshen ƙarni na 18 injiniyan Faransa Pierre Du Buat ya rataye ƙwallaye da zare yana sa su lilo cikin ruwa, sai ya ga sun fi jinkiri fiye da yadda nauyinsu ya nuna, kamar dai suna jan wani kaya da ido ba ya gani. Wannan kaya shi ne ruwan da ke kewaye da jikin, wanda dole a tura shi duk lokacin da jikin ya ƙara gudu, kuma shi ake kira ƙarin nauyi. George Green da George Stokes sun yi masa lissafi a ƙarni na 19, inda aka tabbatar cewa ƙarin nauyin ƙwallo daidai yake da rabin nauyin ruwan da ya ture. Ga jirgin sama wannan ba abin damuwa ba ne sosai, amma ga jirgin da nauyinsa ya yi daidai da na ruwan da ya ture, wanda kuwa haka duk jirgin nutso yake, mantawa da shi na rushe lissafin baki ɗaya.

Ƙwallo yana da sauƙi, jirgi mai fiffike da farfela kuwa ba ya lissaftuwa a takarda, don haka aka koma ga gwaji. William Froude ya gina kwarmin gwaji a Torquay ta Ingila a farkon shekarun 1870, inda ake jan ƙaramin samfurin jirgi ana auna turjiyar ruwa. Wannan al'ada ta kai ƙololuwa a cibiyar David Taylor ta sojojin ruwan Amurka a jihar Maryland, inda Morton Gertler da Alex Goodman suka ƙera na'urar da ke kaɗa samfurin sama da ƙasa yayin da ake jansa, ta yadda za a raba ƙarfin da gudu ke haifarwa da wanda ƙarin gudu ke haifarwa. A 1967 Gertler da Grant Hagen suka fitar da daidaitaccen lissafin motsin jirgin nutso a fuskoki shida, wato gaba, gefe, sama da ƙasa, mirginawa, sunkuyar da kai da juyawa, kuma Jerome Feldman ya gyara shi a 1979.

A wannan tsakanin ne jiragen marasa matuƙi suka bayyana, tun daga SPURV da Jami'ar Washington ta fara ƙerawa a 1957. Sun gaji lissafin manyan jiragen yaƙi, amma ba su gaji kuɗinsu ba, kuma wannan talauci ne, a gaskiya, ya fi komai ciyar da fannin gaba. Ƙaramar tawagar jami'a ba ta iya biyan makonni a kwarmin gwaji, sai ta nemi hanyar da jirgin zai auna kansa a teku. Hanyar ta samo asali daga matatar lissafi da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wadda ke kwatanta hasashe da abin da na'urorin awo suka gani tana rage tazarar da ke tsakaninsu, kuma Martin Abkowitz na MIT ya nuna amfaninta a kan bayanan gwajin katafaren jirgin dakon mai Esso Osaka da aka yi a Tekun Meziko a 1977. Littafin Thor Fossen na Nowe na 1994 ya tattara lissafin cikin tsari guda da masu sarrafa na'ura ke iya aiki da shi, sannan a 2001 Timothy Prestero ya fitar da cikakkiyar siffar jirgin REMUS na cibiyar Woods Hole, wadda ɗalibai ke amfani da adadinta har yau.

Gwajin teku ya zo da nasa cikas. Saƙon tauraron ɗan'adam ba ya ratsa ruwa, saboda haka gudun jirgi sai an auna shi da amsa-kuwwar sauti daga ƙasan teku, igiyar ruwa kuma tana shiga cikin awon ba tare da sallama ba. Abin da ya fi wuya shi ne wasu adadi biyu kan yi kuskure ta fuskoki mabambanta, kuskuren ɗaya ya rufe na ɗayan, lissafi ya dace da bayanan gwaji alhali adadin ba daidai ba ne, shi ya sa ake tilasta wa jirgin yin zikzak da kewaye da nutso a jere domin kowane adadi ya fito shi kaɗai. Da zarar kuma an ɗaura wa jirgin sabuwar kyamara ko an ƙara masa batir, siffar jikinsa ta sauya, sai a sake komawa ruwa a auna daga farko.