James Baldwin, marubucin da aka ce ya ƙona littafinsa

Yau tarihin wani marubuci na kawo muku. Kun sha ganin hotonsa a Facebook, baƙin Ba'amurke mai manyan idanu, matasa na raba maganganunsa kan wariyar launin fata. Sunansa James Baldwin. Bari in faɗa tun da farko, kada wani ya ce na rufe zance: mutumen nan maza yake so, kuma bai ɓoye ba. Na san matsayin addininmu da al'adarmu a kai, ba wannan gardamar na zo yi ba. So nike mu duba yadda ya rayu da yadda ya yi aikinsa, don muna da yara da yawa masu cika kaye da labarai, suna tambaya yaya ake zama marubuci.

An haife shi ranar 2 ga Agusta 1924 a Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta birnin New York. Shi ne babba cikin ƴaƴa tara. Mijin uwarsa mai wa'azi ne a coci, mutum mai tsanani, ga talauci a gidan. Da rana James reno yake yi, ƙane a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Sai kowa ya yi barci sannan ya samu sararin rubutu, kuma rubutun daren nan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Yana da shekara 14 shi ma ya fara wa'azi, ya yi shekara uku a kai. Ya bar coci, amma muryar mai wa'azi ta zauna cikin rubutunsa. Mu masu aikin radiyo, in mun karanta shi da ƙarfi, muna jin inda yake numfasawa.

A watan Nuwamba 1948 ya sauka Paris da dalar Amurka 40 a aljihu. Ba dalarmu ta nan ba ce, amma ko a wancan lokaci ba ta kai mutum ko'ina. Ya ce ya bar ƙasarsa ne don in ya zauna, ko wariya ta kashe shi, ko ta sa ya kashe wani. A Paris ya sha wuya. Ɗakin otal ɗinsa sanyi, sai ya hau benen wani gidan shan kofi, Café de Flore, ya zauna yana rubutu. A Disamba 1949 har gidan kaso na Fresnes aka kai shi, ya kwana takwas, saboda zanen gado da wani abokinsa ya ɗauko daga wani otal. Kotu ta sallame shi, shi kuma ya mai da abin labari ya rubuta.

Littafinsa na farko, Go Tell It on the Mountain, wajen shekara goma ya ɗauka yana rubutawa yana yagewa. Labarin yaro ne da uba mai wa'azi, wato gidansu. Bai iya gamawa ba sai da abokinsa Lucien Happersberger ya kai shi wani ƙauye cikin duwatsun Suwizalan, Loèche-les-Bains. Ya tafi da keken rubutunsa da faya-fayen mawaƙiya Bessie Smith. Cikin ƙanƙara, a garin da ba baƙi sai shi, muryar matar ta dawo masa da yadda mutanen gidansu ke magana. Littafin ya fito a 1953.

Na biyu shi ya kawo rigima. Giovanni's Room, wanda masu karanta Faransanci suka sani da La Chambre de Giovanni, labarin wani Ba'amurke ne a Paris, yana da budurwa, ya faɗa son wani Ba'itale mai aiki a mashaya. Tsoro ya sa ya yaudari dukansu biyu, ya yaudari kansa, ƙarshe aka yanke wa Giovanni hukuncin kisa kan laifin kisan kai. Kamfanin Knopf da ya buga na farkon ya ƙi karɓa. Aka ce masa baƙar fata marubuci da ya taɓo wannan zance ya kashe kasuwarsa, har aka ba shi shawara ya ƙona takardun. Ya ƙi. Kamfanin Dial Press ya buga shi a 1956, kuma har yau ana sake buga shi. Baldwin ya ce abin da ya dame shi a labarin shi ne me ke samun mutum in tsoro ya hana shi son kowa.

A shekarar nan dai ya halarci taron farko na marubuta baƙaƙen fata a Sorbonne, tare da su Senghor da Césaire. A 1963 sunansa ya cika Amurka da littafin The Fire Next Time, amma a babban gangamin Washington na Martin Luther King ba a ba shi damar jawabi ba. Wasu ƴan gwagwarmaya baƙaƙe, irin su Eldridge Cleaver, sun zage shi a rubuce saboda rayuwarsa. Ta ɗaya gefen kuma hukumar FBI ta tara shafi sama da 1,800 a kansa.

Daga 1970 ya zauna a Saint-Paul-de-Vence, kudancin Faransa. Da rana gidan cike da baƙi, su Nina Simone da Miles Davis, ana ci ana hira. In dare ya raba, ya shiga ɗaki ya ɗauki alƙalami, yana rubutu da hannu har asuba, yana sokewa yana sakewa. Can ya rasu ranar 1 ga Disamba 1987, yana da shekara 63.

To, ƙannena masu kaye da bik, ga abin da na gani. Mutumen nan bai jira kuɗi ko ɗaki mai kyau ba, lokacin da kowa ke barci ya ɗauka. Ya yarda shafi ɗaya ya ci masa kwanaki. Ya kasa kunne ga maganar gidansu kafin ta littattafai. Da aka ce ya ƙona abin da ya san gaskiyarsa ce, bai ƙona ba, ya ɗauki abin da ya biyo baya. Mai raba hotonsa, ya san duka tarihin kafin ya raba. Allah ya sa mu gama lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.