Jambo, Daga Everett Zuwa Sansanin Alhazai

A ranar 31 ga Janairun 2023 kamfanin Boeing ya miƙa wa Atlas Air jambo, wato jirgi samfurin 747, na ƙarshe da zai taɓa ƙerawa, na 1,574 a jeri. Dubban ma'aikata, tsofaffi da masu ci, suka taru a masana'antar Everett da ke jihar Washington ta Amurka domin yin ban kwana da shi. Jaridun Turai da Amurka suka cika da labaran fasinjojin da suka taɓa hawansa, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke tunawa: matakalar nan mai murɗe da ake hawa zuwa bene, da falon shaƙatawa na masu tikitin alfarma. Ban ƙi nasu ba, amma ina ganin tarihin wannan jirgi ya fi yawa a ƙasa, can kujerun baya, inda mutum goma ke jere a sahu ɗaya. A nan ne mafi yawan waɗanda suka san shi suka zauna, har da iyayenmu da kakanninmu.

Asalin maganar ta faro ne a tsakiyar shekarun 1960. Juan Trippe, shugaban kamfanin Pan Am, ya ga filayen jiragen sama sun fara cunkushewa, ga fasinjoji suna ƙaruwa kowace shekara, ga Boeing 707 da ake ji da shi ba ya ɗaukar mutum 200. Sai ya nemi Bill Allen na Boeing ya ƙera masa jirgin da zai ninka wancan. A watan Afrilun 1966 Pan Am ya sa hannu kan sayen guda 25 a kan dala miliyan 525, alhali jirgin bai wuce zane a takarda ba, kuma ko ginin da za a haɗa shi a ciki babu. Sai da aka sare daji a Everett aka gina masana'antar da ta zama gini mafi girman ciki a duniya.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne injiniya Joe Sutter, kuma a lokacin aikin nasa ba shi ne abin alfaharin kamfanin ba. Hankalin manya yana kan jirage masu gudun da ya wuce na sauti, irin Concorde da Ingila da Faransa suke haɗawa, da wanda Boeing ɗin kansa yake shiryawa. Zaton kowa shi ne nan da ’yan shekaru fasinja duk za su koma waɗancan, shi kuwa 747 ya koma dakon kaya. Saboda haka Sutter da mutanensa suka zana shi yadda hancinsa zai iya buɗewa sama a zura manyan akwatuna kai tsaye. Tunda hanci zai buɗe, dole ɗakin matuƙa ya koma sama, a bayansa kuma aka samu ɗan fili. Wannan shi ne dalilin tozon da ke kan jirgin, wanda ko yaro ya hango shi daga nesa zai gane jambo ne. Lissafin manyan bai fita ba: an soke aikin jirgin Boeing mai gudun wuce sauti a 1971, Concorde kuma guda 20 kacal aka ƙera, ya yi ritaya a 2003.

Jambon ya fara tashi ranar 9 ga Fabrairun 1969. Tsawonsa ya ɗan haura mita 70, wutsiyarsa ta kai kusan mita 19 a tsaye, tayoyinsa 18, injinansa huɗu na Pratt & Whitney. Su injinan ne suka fi ba da wahala. Har a ranar da zai fara ɗaukar fasinja daga New York zuwa Landan, inji ɗaya ya yi zafi fiye da kima, aka sauke mutane, aka kawo wani jirgin, bai tashi ba sai bayan tsakar dare, ranar 22 ga Janairun 1970. Bashin da Boeing ya ci don wannan aiki ya kusa durƙusar da shi. Tattalin arziki ya karye a daidai lokacin, kuma zuwa 1971 ma'aikatan kamfanin a yankin Seattle sun ragu daga kusan 100,000 zuwa ƙasa da 40,000.

Shekarun farko su ne na almubazzarancin da ake yawan ba da labari. Kamfanoni sun sayi jirgin da suka kasa cikawa, sai suka riƙa cire kujeru suna yin falo. American Airlines har fiyano ya sa a cikin nasa. Wannan zamani bai daɗe ba. Tashin farashin mai na 1973 ya koya wa kowa cewa duk taku ɗaya na cikin jirgi kuɗi ne, aka kwashe kayan ƙawa aka mayar da kujeru. Sahun da ya fara da mutum tara ya koma goma. Da Amurka ta saki harkar farashin tikiti a 1978, gasa ta ɓarke, kuma jirgin da ke raba kuɗin tafiya ɗaya a kan mutum 400 shi ya fi kowa iya rage farashi. Daga nan ne ɗalibi da ɗan ci-rani da ƙaramin ɗan kasuwa suka fara ƙetare teku a sama. Japan ta ma yi odar wani samfuri na musamman mai kujeru sama da 500 don zirga-zirgar cikin gida kawai.

Girman nan yana da nasa nauyin, domin idan tsautsayi ya faɗa wa jirgi mai wannan yawan rai, asarar ba ta misaltuwa. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jambon KLM da na Pan Am suka yi karo a kan titin jirgi cikin hazo, mutum 583 suka rasu, haɗari mafi muni a tarihin jiragen fasinja. Jirgin Pan Am ɗin da ya ƙone a ranar shi ne wanda aka kawo a madadin mai zafin inji a daren farko na 1970. A Agustan 1985 jambon Japan Airlines ya faɗa kan dutse da mutum 520 da ba su tsira ba, sakamakon wani gyara da aka yi masa ba daidai ba shekaru bakwai kafin nan. Bayan Tenerife aka tsaurara kalmomin da matuƙi da hasumiya ke amfani da su wajen ba da izinin tashi, aka kuma fara koya wa ƙananan matuƙa su buɗe baki su gyara wa kyaftin idan ya kauce. Duk wanda ya hau jirgi yau yana cin moriyar darasin da aka saya da waɗannan rayuka.

To, a ƙasar Hausa ta wace ƙofa jambo ya shigo? Ta ƙofar aikin Hajji. Kakannin kakanninmu a ƙasa suke tafiya, ta Borno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma su zauna a hanya har abada. Zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Jirgin sama ya mayar da wannan tafiya ta awa huɗu zuwa biyar daga Kano zuwa Jidda. Da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, yawan maniyyatan Najeriya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, kuma kwashe dubun dubatar mutane cikin ’yan makonni aiki ne da ƙananan jirage ba za su iya ba. Saudiyya ma ta buɗe tashar alhazai ta musamman a filin jirgin Jidda a 1981, mai rufi irin na tantuna, wadda aka tsara don manyan jirage su sauke jama'a da yawa a lokaci guda.

A Arewa, sunaye biyu ne suka haɗu da 747 a zukatan mutane. Na farko Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda ya kafa kamfaninsa a Kano a farkon shekarun 1980, daga baya ya mayar da ƙarfinsa kan jigilar alhazai da jambo. Na biyu Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina, wanda ya fara aiki a 2008. Ba sababbin jirage suka saya ba. Jiragen sun riga sun yi shekaru suna aiki a hannun manyan kamfanonin Amurka da Turai da Asiya kafin su iso filin jirgin Malam Aminu Kano. Wannan ba abin kunya ba ne, lissafi ne: jirgin da zai yi aiki tuƙuru na wata biyu ko uku a shekara, sauran lokaci yana ajiye ko yana jiran haya, ba zai iya biyan bashin sabon jirgi ba. Tsohon jambo yana da arhar saye, yana da shan mai, amma idan ka zuba masa mutum sama da 500 a sawu ɗaya, kuɗin yana fita.

Ka zauna da duk wani alhaji ko hajiya da suka tafi a jambo, za ka ji labarin yana bin hanya ɗaya. Yana farawa ne daga sansanin alhazai, inda ake kwana ana jiran a kira sawu, dangi suna kai abinci suna dawowa, jita-jitar jirgi ya iso tana tashi tana faɗuwa. Sai fitowa fili, mutum ya ɗaga kai ya ga abin da zai hau ya fi duk wani gini na garinsu tsayi. Ga dattijon da bai taɓa wuce kasuwar ƙaramar hukumarsu ba, ga tsohuwar da ta sayar da shanun gadonta ta biya kujera, dukkansu cikin yadi iri ɗaya na jiharsu, suna hawa matakala da jakar hannu da buta. A ciki kuwa kamar an ɗauko unguwa guda an sa mata fukafukai: hanyoyi biyu, sahu bayan sahu har ido ya gaza kai wa ƙarshe. Wani yana neman wanda zai ɗaure masa bel, wata tana tambayar ina alƙibla, malamin bita yana bi yana kwantar da hankali. Idan injinan huɗu suka ɗauki ƙara, jirgi ya fara gudu, ba abin da ke tashi sai salati da addu'ar tafiya daga baki ɗari biyar.

Abin da na fi jin mutane suna ambata da rawar murya shi ne lokacin da aka sanar an kusa miƙati, ga waɗanda jirginsu ya nufi Jidda. Maza sun riga sun ɗaura harami tun daga ƙasa ko sun canza a hanya, sai a ɗauki niyya, talbiyya ta kama daga gaba ta bi har wutsiya. Injiniyoyin Everett sun auna nauyin kaya da yawan man da za a ƙona, amma ba su san suna gina wurin da talakan Gumel ko na Illela zai shiga ibadar da ya yi shekara talatin yana tara wa kuɗi ba. A wajen dawowa kuma labarin kaya ne: dabino, zamzam, carbi, dadduma, agogo, jallabiyar yara, da rigimar awo a filin jirgi saboda kowa yana da wanda ba zai iya komawa gida bai riƙo masa tsaraba ba. Jirgin da aka zana tun farko da tunanin dakon kaya ya dace da wannan aiki sosai.

Abin da ya kawo ƙarshen 747 ba wani jirgi da ya fi shi girma ba ne. Airbus ya gwada haka da A380 mai bene cikakke, wanda ya fara aiki a 2007, aka daina ƙera shi a 2021. Abin da ya kashe kasuwar 747 shi ne ingancin inji. Da can doka ba ta barin jirgi mai inji biyu ya yi nisa da filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu, don haka ƙetare teku sai mai uku ko huɗu. Daga 1985 aka fara sassauta dokar. Boeing 777 ya fito a 1995, 787 ya biyo a 2011, kuma kowannensu yana kai mutane nesa da inji biyu da mai kaɗan. Samfurin 747-400 na 1989, wanda ya rage ma'aikatan ɗakin tuƙi daga uku zuwa biyu, shi ne ya fi kasuwa. 747-8 da ya zo bayansa bai samu masu saye da yawa ba a ɓangaren fasinja. Air France ya ajiye nasa a 2016, United da Delta a 2017. Annobar korona ta ƙarasa sauran a 2020: British Airways, wanda ya daɗe yana kawo jambo Legas, ya sallami guda 31 a lokaci ɗaya, KLM da Virgin Atlantic ma suka sallami nasu, na ƙarshen Qantas kuma ya zana hoton kangaru da hanyar tafiyarsa a sararin sama kafin ya wuce hamadar Kalifoniya inda ake ajiye tsofaffin jirage.

Bai ɓace gaba ɗaya ba. Lufthansa da Korean Air da Air China sun ci gaba da ɗaukar fasinja da 747-8, na dakon kaya suna da sauran shekaru a gaba, shugaban Amurka ma tun 1990 a cikinsa yake tafiya. A wajenmu kuma ya daɗe yana jigilar alhazai bayan Turawa sun yi masa bikin sallama, sai dai alamu a fili suke: kayan gyara suna ƙara wuya, man jirgi yana ƙara tsada, kuma jirage masu inji biyu irin A330 da 777 suna karɓe sawun Hajji.

Jambo na farko da ya tashi a 1969 yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Seattle, mutane suna biyan kuɗi su shiga su gani. Qantas ya ajiye nasa a garin Longreach, inda kamfanin ya yi ƙuruciyarsa. Ina fatan kafin masu sayen ƙarafa su yanka na ƙarshe a cikin waɗanda suka yi jigilar alhazanmu, hukumar alhazai ko wata gwamnatin jiha za ta nemi ɗaya ta ajiye a Kano ko Katsina, da kujerunsa yadda suke, a kuma tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya su bi tsofaffin alhazai gida gida su naɗi labarin hawansu na farko tun suna da rai.