Yawon Buɗe Ido Daga Kura Zuwa Rano

Mun ji Turawa, miji da mata, sukan yi tattalin kuɗi don su tafi Ruma ko Atina su ga kangayen mutanen dā. To, mu fa? Da magidanci zai ɗauki iyalinsa su zaga ƙasar Kura, da sun sha kallo.

Su fara da Kura, garin marina. A ƙarni na 19 nan ake rina baƙin rawanin nan mai ƙyalli, ɗan Kura, a kai shi mabuga, kana fatake su kai wa Buzaye har Agadas. Su bi ta Bunkure su isa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda masu tarihi ke kiranta, ita da Kano, sarakunan baba. Ba nisa ga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Ruwanta ne ya mai da filayen Kadawa gonakin shinkafa da alkama da tumatir.

Noman rani ya kawo arziki, amma karofi da yawa sun cike, dattawan da suka san haɗin baba da toka kuwa suna ƙarewa. Ku 'yan makaranta, ku tambaye su, ku rubuta tun suna da rai.