Waiwaye: Yadda Bel ɗin Mota Ya Tashi Daga Ƙyalle Ya Zama Na'ura

A tsofaffin motocinmu babu abin da ake bari ya lalace kamar bel. Inji ya yi tari, a ruga gareji. Taya ta sace, a tsaya a yi faci. Amma bel ɗin da ƙofa ta cinye masa gefe, ko wanda ya daina komawa mazauninsa yana jan ƙasa, sai ya shekara a haka. In ya tsinke a ƙulle shi, ko a kai wa mai ɗinkin kujeru ya haɗa da zare. A ganina dalilin wannan sakaci shi ne har yau ƙyalle muke ɗaukarsa. Da can ƙyallen ne kuwa, amma ya daɗe da wuce nan.

Matuƙan jirgin sama sun riga direbobi ɗaura ɗamara, kuma daga wajensu ilimin ya fito. Wani Ba'amurke, Hugh DeHaven, ya tsira daga karon jirage biyu a 1917 yana koyon tuƙi, sai ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken dalilin da ya sa haɗari ɗaya kan kashe wani ya bar wani. Abin da shi da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka fahimta shi ne karo biyu ake yi. Na farko mota ta daki abu ta tsaya. Na biyu mutumin da ke ciki, wanda jikinsa bai daina tafiya ba, ya daki sitiyari ko gilashi. Na biyun ne ke kisa. A Disambar 1954 likitan sojan sama, Kanar John Stapp, ya yarda aka ɗaure shi a kan keken roka a New Mexico, aka harba shi da gudun da ya haura kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Ya fito da rai, idanunsa sun cika da jini. Ya tabbatar da cewa jikin ɗan Adam na iya jure tsayawar gaggawa matuƙar an ɗaure shi yadda ya dace.

Kamfanin Nash ya gwada sa bel a motocinsa a 1949, Ford ya biyo baya a 1955, ga mai so ya biya. Masu so ba su yi yawa ba. Bel ɗin wancan lokaci na ƙugu ne kaɗai: yana hana mutum fita ta gilashi, amma gangar jiki kan lanƙwashe gaba, kai ya daki abin da ke gabansa. A Turai an gwada wanda ke ratsa ƙirji kaɗai, shi kuma mutum kan sulale ta ƙarƙashinsa.

Wanda ya warware matsalar shi ne Nils Bohlin, injiniya ɗan ƙasar Suwidin. Ya yi aiki a Saab kan kujerar da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje idan jirgi zai faɗi, kafin Volvo ya ɗauke shi a 1958. Ya san ɗamarar matuƙin jirgi mai madauri huɗu ta fi riƙo, amma ya kuma san babu direban da zai tsaya ɗaura ta don zuwa kasuwa. Sai ya yi madauri ɗaya mai mariƙa uku: wani ɓangare ya ratsa ƙirji daga kafaɗa, wani ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, makullin ya koma gefen cinya, nesa da ciki. Ƙarfin karo ya sauka a kan ƙasusuwan da suka fi ƙwari, kuma da hannu ɗaya ake ɗaura shi. A 1959 ya fito a motocin Volvo Amazon da PV544. Kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci damar amfani da ƙirar, kuma wannan halin kirki ne da ya cancanci a riƙa ambatonsa. A 1967 Bohlin ya gabatar da nazarin haɗurra kimanin 28,000 a Suwidin: cikin waɗanda suka ɗaura bel babu wanda ya mutu a karon da gudunsa bai kai kilomita 96 a awa ba.

Daga nan doka ta shigo. Amurka ta wajabta sa bel a kowace sabuwar mota daga 1968. Jihar Victoria ta Ostareliya ce ta fara tilasta ɗaura shi a 1970, Ingila ta bi a 1983, jihar New York a 1984.

Abin da ya fi shafar mai tsohuwar mota shi ne sauye-sauyen da aka yi a ɓoye, cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Bel ɗin farko da hannu ake daidaita tsawonsa, mutane kuma kan bar shi sakwakwa. A shekarun 1970 gangar da ke naɗe shi da kanta ta bazu. A cikinta akwai sifirin da ke jan madaurin, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe ko lilo wanda ke motsawa idan mota ta ci birki da ƙarfi ko ta karkata, ya tura haƙori ya kulle gangar. Akwai kuma wani makullin da ke kamawa idan an fizgi madaurin. Wannan ƙwallon ne ya sa kowace ganga take da kusurwar da aka ƙera ta ta zauna. In aka ɗauko ta wata mota aka ɗaura a karkace, ko dai ta kulle ta ƙi sakin bel, ko ta ƙi kullewa a ranar da ake bukatarta, wanda shi ne mafi muni domin babu alamar da za ta nuna.

A 1981 Mercedes-Benz ya ƙara wani abu a manyan motocinsa: ɗan albarushi da ke tashi a daidai lokacin karo, ya ja bel ya manne a jiki kafin mutum ya motsa. A shekarun 1990 aka ƙara sandar ƙarfe a cikin gangar, wadda ke murɗewa ta saki madaurin kaɗan don kada ya karya haƙarƙari. Wasu motocin kuma an yi wa bel ɗinsu ninki an ɗinke da zaren da aka shirya ya farke a ƙarfi ƙayyadajje. Duk waɗannan sau ɗaya suke aiki. Albarushin da ya tashi ya tashi, sandar da ta murɗe ba ta dawowa, zaren madaurin kansa in ya miƙe ya miƙe. Shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa duk bel ɗin da mutum ke ɗaure da shi a babban haɗari a canza shi, ko da ido bai ga komai ba.

Tsufa ma na ci. A 1995 an janye motoci sama da miliyan 8 a Amurka, akasarinsu ƙirar Japan na 1986 zuwa 1991, saboda robar maɓallin makullin da kamfanin Takata ya yi tana bushewa ta farfashe, gutsattsarin su faɗa ciki su hana makullin kamawa. Wannan a ƙasar da rana ba ta kai tamu ba.

Mu a nan tarihin ya zo mana ta wata ƙofa. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, amma bayan faɗuwar darajar naira daga 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, kasuwa ta koma ta motocin hannu 'yan Beljiyom da ake saukewa a Kwatano da Legas. Mota kan iso mana ta riga ta ci shekaru a hannun wasu, bel ɗinta ma haka. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, ta kuma fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairun 2003. Dokar ta yi amfani, amma ta haifar da wata ɗabi'a: direba ya hango jami'ai ya rataya bel a kafaɗa, ya wuce ya saki. Wanda don idon jami'i yake ratayawa, ƙulli ma ya ishe shi. Alhali uwa ba ta goya ɗa da majanyin da ya fara yagewa, kuma aikin bel ya fi na majanyi nauyi nesa: karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na rage haɗarin mutuwar masu zama a gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, amma lissafin na bel mai lafiya ne.

Dubawa ba ta da wuya. A jawo madaurin duka har ƙarshe, a bi shi da yatsu ana neman yanka, zarewar zare, ƙuna ko taurin da rana ke jawowa. A fizge shi da ƙarfi, dole ya kulle. A sake shi, dole ya koma. A sa harshen a makulli, a ji ya ce ƙas, a ja a tabbatar ya riƙe. Wani lokaci dauɗa ce kawai ke hana shi komawa, sai a wanke da sabulu da ruwa, banda fetur da bilic, a bari ya bushe kafin ya naɗe. In kuwa ya yanke, babu ɗinki babu ƙulli, sai canji.

Sabo ya fi, in ana samu. In sai na hannu, a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, a nemi na irin motar da na ɓangaren da za a sa, tare da makullinsa, domin harshen wani bel kan shiga makullin wani ya yi kamar ya kama. A tambayi motar da aka ciro shi. Na motar da ta yi karon gaba ba abin saye ba ne, kuma wanda ya sandare ya ƙi jawuwa, ko da gangar ba a karkace take ba, alama ce albarushinsa ya tashi. Kusoshinsa na musamman ne: ma'aunin inci 7/16 ake yi musu a mafi yawan motoci, har na Turai da Japan masu auna sauran kusoshinsu da milimita, don haka kada bakanike ya tura wanda ya tsinta a akwati. In tsatsa ta ci ƙarfen da ake ɗaurawa, mai walda ya fara gyara wurin. In bel ɗin mai waya ne, galibi mai launin rawaya, a cire batir a jira wasu mintuna kafin a taɓa, kuma kada a gwada wayar da fitilar gwaji, domin tana iya tayar da albarushin.

Ina kira ga shugabannin tashoshin mota, waɗanda ke duba taya da birki kafin a yi lodi, su sa bel a cikin abin dubawa. Kai kuma mai mota, ka jawo naka har ƙarshe ka duba shi a yau. In ka ga yanka ko ya ƙi kullewa, ka kai shi a canza kafin tafiyarka ta gaba.