Shin sai da izinin hukuma mutum zai gyara gidansa a Illo?

A kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke kuma an kammala girbin shinkafa, akan ga tulin yashi da bulo a ƙofar gidaje a garin Illo, da ke ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin.

Wani zai rushe ɗakin ƙasa ya tayar da na siminti, wani zai ƙara ɗakin amarya, wani kuma zai fasa katanga ya fitar da shago a bakin hanya.

Masu gidaje da dama na ganin cewa tun da gado suka ci, ko kuma da kuɗinsu suka saya, babu wanda za su nemi izininsa. Sai dai a wurin doka, mallakar gida daban take da izinin yin gini a cikinsa.

Wa ke da iko da ƙasa?

Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana ga jama'a. Abin da mai gida ya mallaka shi ne haƙƙin zama a filin da kuma amfani da shi.

Dokar ta kasa filaye gida biyu. Waɗanda ke yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashin gwamnatin jiha, sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallakarsu na gargajiya.

Don haka abu na farko da ya kamata mai gida a Illo ya tantance shi ne rukunin da filinsa ya faɗa, domin shi ne zai nuna ofishin da zai dosa.

Wace hukuma ke ba da izini?

Tsara birane bisa doka ya samo asali ne tun zamanin Turawan mulkin mallaka, da dokar garuruwa ta 1917 da kuma dokar tsara birane da karkara ta 1946.

A 1992 gwamnatin mulkin soja ta kafa doka mai lamba 88 domin ta yi aiki a ƙasar baki ɗaya. To amma a 2003, a wata ƙara da jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, ban da Abuja.

A jihar Kebbi, hukumar raya birane ta KUDA ce ke sa ido kan gine-gine a birane, kamar yadda KNUPDA ke yi a Kano. A yankunan da ba birni ba, akan fara ne daga ofishin filaye na ƙaramar hukuma.

Wane aiki ne ke buƙatar izini?

Galibi ba a neman izini domin gyaran da bai sauya siffar gida ba, kamar fenti, da yaɓe, da sauya kwanon da ke yoyo, da sa sabuwar ƙofa a gurbin tsohuwa.

Aikin da ke buƙatar izini shi ne wanda ya ƙara wa gini faɗi ko tsawo, ko ya taɓa ƙarfinsa, ko kuma ya sauya amfanin da ake yi da shi. Ƙarin ɗaki, da ɗora bene, da matsar da katanga, da mayar da zaure shago ko wurin injin casar shinkafa, duk suna cikin wannan rukuni.

Dokar 1992 ta sanya har da rushe gini da sare bishiyoyi cikin ayyukan da sai an nemi amincewar hukuma.

Mai neman izini kan gabatar da shaidar mallakar fili, da taswirar filin, da zanen ginin daga hannun ƙwararre mai rajista, sannan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Idan bene ne, akan buƙaci injiniya ya tabbatar cewa harsashin zai ɗauki nauyin.

Me zai faru idan ba a nema ba?

Hukuma na da ikon dakatar da aiki, ta shafa jan fenti a bango, ta ci tara, ko kuma ta ba da umurnin rushe abin da aka gina.

Akwai kuma batun diyya. Idan gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a, dokar 1978 ta tanadi biyan diyya kan gine-ginen da ke kansa, amma wanda ya ci hanya ko ya yi gini ba bisa ƙa'ida ba yana iya tashi hannu rabbana.

Wannan na da muhimmanci a Illo saboda yanayin wurin. Garin na kusa da kogin Kwara, kuma jihar Kebbi ta yi fama da mummunar ambaliya a 2012 da 2020. Katangar da ta toshe magudanar ruwa na iya juya ruwan damina zuwa gidajen maƙwabta, waɗanda da yawansu na ƙasa ne.

Haka nan an hana gini a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da kuma cikin tazarar da aka ware a gefen manyan hanyoyi.

Haƙƙin maƙwabci

Takardar hukuma ba ta kawar da haƙƙin maƙwabci. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihar ke aiki da shi, ana iya hana mutum buɗe tagar da ke leƙa cikin gidan wani, ko sa indararon da ke zuba a bangon maƙwabci, ko haƙa masai dab da rijiyarsa.

Irin wannan saɓani kan fara zuwa gaban mai unguwa ko dagaci, kafin ya kai ga hakimi ko alƙali. Sarakunan gargajiya na shaidar iyakoki tare da yin sulhu, amma shaidarsu ba ta maye gurbin izinin gini.

A tsallaken iyaka

Mutanen yankin da ke da gidaje ko shaguna a Segbana ko Malanville na Jamhuriyar Benin suna ƙarƙashin wani tsari ne dabam, mai tushe daga dokokin Faransa, inda ake neman izinin gini daga ofishin magajin gari. Takardar da aka samu a Kebbi ba ta aiki a can.

A ɓangarorin biyu dai, kuɗin zane da na izini ba su kai asarar bulo da siminti da kwanon da za a yi ba, idan aka tilasta wa mutum rushe ɗakin da ya riga ya rufa.